TSOHON MAN SUYA YA KAN TADA INJI, AMMA SAI AN TACE SHI AN RABA SHI DA RUWA

Wanda duk ya ratsa kasuwar Gabi, cikin jihar Maraɗi, zai ga abu biyu kusa da juna. Ga mata a bakin kasko suna suyar ƙosai da awara da kifi, ga kuma injin niƙa da manyan motoci masu shan gazuwal. Mai suya tana kukan tsadar man gyaɗa, shi ya sa take maimaita suya da mai guda har ya yi baƙi. Mai inji shi ma yana kukan tsadar gazuwal. To, a ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da ke tattara man da ya gama aiki a kasko, su gyara shi, su zuba wa inji. Ya kamata masu karatu su san yadda aikin yake, da kuma inda haɗarinsa yake.

DAGA GYAƊA AKA FARA

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga gyaɗa. A shekarar 1900, wajen babban baje-kolin duniya na birnin Paris, an nuna wani inji irin wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya ƙirƙiro yana aiki da man gyaɗa zalla. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi gwajin, don tana tunanin ƙasashen Afirka da ta mallaka, inda gyaɗa ke da yawa. Arahar man ƙasa ce ta sa aka ajiye maganar.

Ƙasar Maraɗi kuwa ta san gyaɗa. A 1942 aka kafa masana'antar mai ta SICONIGER a Maraɗi, a 1962 kuma gwamnati ta kafa SONARA domin cinikin gyaɗa. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan ciniki. Tun daga 2011 Nijar tana tace nata man ƙasa a matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka gina don ganga 20.000 a rana. Duk da haka, kafin lita ta iso ƙauye kuɗinta ya hau.

Amma fa a gane: sabon man gyaɗa abinci ne, ya fi gazuwal tsada, ba mai hankalin da zai ƙona shi cikin inji. Maganarmu a kan man da ya mutu ne, wanda ya yi baƙi, yana kumfa, yana hayaƙi tun bai yi zafi sosai ba. Irin wannan mai yana cutar da mai ci. A Faransa doka ta hana suya da man da kashi 25 cikin 100 nasa ya lalace. Ke nan man da bai dace da cikin ɗan Adam ba shi ne ake nema wa wani aiki.

ABOKAN GABA BIYU

Cikin injin gazuwal akwai pampo mai tura mai da ƙarfi, da ƴan bakuna masu fesa shi ta ƙofofi ƙanana ƙwarai. Su ne sassa mafi tsada da saurin ɓaci. Tsohon man suya yana zuwa musu da abokan gaba biyu.

Na farko datti ne: ɓurɓushin ƙosai, garin da ya ƙone, ƙayar kifi da ƙurar kasuwa. Shi ido yana ganinsa.

Na biyu ruwa ne, shi ne kuwa mugun, domin ɓuya yake. Duk abin da aka soya yana sakin ruwa cikin mai, ruwan kuma yana ɗauke da gishiri. In ya shiga pampo sai ya kawo tsatsa, ya cinye ƙarfe, ya ɓata bakunan fesawa. Dubi yadda masana suka tsananta: ƙa'idar Turai ba ta yarda ruwan da ke cikin gazuwal ya wuce miligram 200 a kilo guda ba, ƙa'idar Jamus ta man tsiro da ake zuba wa inji kuwa ta tsaya a miligram 750. Wato cikin tano mai lita 200, ruwan da bai cika kofin shayi babba ba ya isa ya sa a ƙi man.

YADDA AKE TACEWA

Da farko a zuba man cikin bido ko tano mai murfi, a bar shi ya kwanta mako biyu ba a motsa shi. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, ta mai kuwa wajen gram 920 ce, saboda haka ruwa da datti su kan sauka ƙasa, mai ya tsaya sama. A kwashe na sama sannu a hankali, a bar wajen kashi ɗaya cikin biyar a gindi.

Sa'an nan a tace shi hawa-hawa. A fara da rariya, a koma ga ƙyalle mai sako-sako, a bi da ƙyalle mai kauri ninki biyu, a ƙare da matacin gazuwal irin na mota, wanda ke tare dattin da ya kai mikiron 5 zuwa 10. Mikiron shi ne kashi ɗaya cikin 1.000 na milimita, kaurin gashin mutum kuwa wajen mikiron 70 ne. Kada a matse ƙyallen don sauri, matsewa tura datti take yi. Kada kuma a tace man da zafi ƙwarai, domin kitsen nama ya kan narke ya wuce, daga baya ya daskare cikin inji lokacin ɗari.

YADDA AKE RABA SHI DA RUWA

Ƙyalle ba ya tare ruwa. Abin da ke raba su shi ne ɗumi da haƙuri. A ɗumama man ya kai wajen digiri 60, wato zafin da hannu ba ya jurewa amma bai kai tafasa ba, a rufe, a bar shi kwana ɗaya ko biyu. Ɗumi yana sa mai ya tsinke, ɗigon ruwan da ke rataye ciki su haɗu su nutse. Sai a tsiyaye na ƙasa ta famfon gindin tano. A nan ƙasarmu ta yi sa'a: cikin watannin Afrilu da Mayu zafi ya kan wuce digiri 40, tano mai baƙin fenti da aka girke a rana yana yin rabin aikin ba tare da an sari icen dajin Baban Rafi ba. Da damina kuwa a riƙa rufe tano ruf, don mai yana jawo laima.

Wasu su kan tafasa man har ya wuce digiri 100 don ruwan ya fita da tururi. Hanyar nan tana da haɗari. Ruwan da ya kwanta ƙarƙashin mai, in ya koma tururi, girmansa yana ninkawa kusan sau 1.700 lokaci guda, ya watso tafasasshen mai a kan na kusa. Kada a ɗora mai a wuta sai an tsiyaye ruwan ƙasa, kada a bar yara kusa, in kuwa wuta ta kama a rufe ta da murfi ko yashi, ba da ruwa ba.

Awon ƙarshe kowace mai suya ta san shi. A ɗora busasshen kasko ya yi zafi, a ɗiga man kaɗan. In ya yi tartsatsi ko ƴan kumfa suka taso, da sauran ruwa, a sake ɗumamawa. In ya kwanta shiru, ya bushe.

BA KOWANE INJI BA

Babur da duk motar da ke shan isansi ba ruwansu da wannan mai. Sababbin motocin gazuwal masu na'urar lantarki su ma ba sa jure shi. Tsofaffin injuna masu tafiya a hankali, kamar na niƙa, su ne suka fi haƙuri da shi. Ko su ma sai da kula, domin man tsiro ya fi gazuwal kauri wajen sau 10. Hanya mafi aminci ita ce a gauraya shi da gazuwal, kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar. Masu amfani da shi zalla su kan sa tanki biyu: su tada inji da gazuwal, su koma ga man suya bayan ya yi zafin digiri 70 zuwa 80, su sake komawa ga gazuwal kafin su kashe. Wajibi ne kuma a riƙa canja baƙin man inji da mataci da wuri, a nemi shawarar makaniki.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Man da mace guda za ta ajiye bai taka kara ya karya ba. Amfaninsa sai an haɗa hannu: ƙungiyar mata masu suya ta tara shi wuri guda, mai inji ya saya da ɗan kuɗi, mai suya ta samu abin cikawa ta sayi sabo, yara su huta da cin baƙin mai. Lakar da ta rage a gindin tano ta isa yin sabulun wanki, ba sai an zuba ta a Gulbin Gabi ba, wanda ruwansa ke gangarawa tafkin Madarunfa.

Muna kira ga malaman yaƙi da jahilci da ma'aikatan gona da shugabannin ƙungiyoyi su karanta wa jama'a wannan bayani. Wanda ya zuba man da bai bushe ba don ya tsimi kuɗin lita goma, zai biya kuɗin pampo sabo, inji ya tsaya, mata su koma ga turmi. Garin neman gira kada a rasa ido.