Kyan fuska da halin mai kallo

Bahaushe na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Sai dai binciken masana halayyar ɗan Adam ya nuna cewa, idan namiji ya ce fuskar wata mace ta yi masa kyau, wani ɓangare na labarin na zuciyarsa ne shi kansa.

A shekarar 1972, Karen Dion da abokan aikinta a Amurka sun gano cewa mutane kan ɗora wa mai kyan fuska kyawawan halaye tun kafin su san shi. A 2006, Anthony Little da abokansa a Birtaniya suka juya tambayar. Sun tarar da cewa halin da mutum yake nema wajen abokin zama yana tasiri a kan fuskar da yake gani da kyau: mai neman sauƙin kai ya fi karkata ga fuskar da ke nuna alamun sauƙin kai.

Halin mai kallon ma yana da nasa rabo. A 2007, Benedict Jones da tawagarsa ta Jami'ar Aberdeen sun nuna wa maza hotuna bibbiyu na fuska ɗaya, wadda aka ƙara ko aka rage wa siffofin mata da kwamfuta. Mazan da suke da son kasada da neman sabon abu sun fi sauran zaɓar fuskar da aka ƙara wa siffofin. Wannan alaƙa ce kawai aka gani a tsakanin mutane masu yawa. Ba ta isa a yanke wa mutum ɗaya hukunci ba.

Ina ruwan ɗalibin kimiyyar harshe da wannan? A Hausa, kalmar "kyau" tana ɗauke da kyan sura da kyan hali duka biyu. Muna kuma da fara'a, da kwarjini, da farin jini, waɗanda ake karantawa a fuska alhali ba surarta suke siffantawa ba. Shi ya sa aka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Saboda haka, ɗalibin da ya fita bincike a Maraɗi ko Damagaram ya tambayi maza "wace ce ta fi kyau?", yana iya tattaro amsoshin tambayoyi biyu yana zaton ɗaya ce. Wajibi ne ya tantance ma'anar da mai amsa ya ɗauka kafin ya fara ƙirga.