Sashe na 38: Daga Ina Ya Fito, Me Ya Haɗa Shi da Mu?

Duk lokacin da zaɓen ƙungiyar ɗalibai ya matso, sai ka ji ana raɗe-raɗi a hostel: wane namu ne, wane ba namu ba ne. Ni da nake shirin barin makarantar nan bana, ina ganin ya kamata mu san yadda aka yi Musulmi da Kirista suka amince su zauna ƙarƙashin doka ɗaya.

A 1903, da Turawa suka ci Sakkwato, Lugga ya yi alkawarin ba za a taɓa addinin jama'a ba. Saboda haka aka taƙaita aikin 'yan mishan a ƙasashen sarakuna. Duk da haka Dokta Miller ya zauna a Zariya, daga baya mishan ɗinsa ya koma Wusasa, kuma a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa. Daga cikin waɗanda mishan ɗin ya ilimantar akwai Dokta R.A.B. Dikko, Kirista, likita na farko ɗan Arewa. Shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta rikiɗe ta zama NPC ta su Sardauna. Kun ga ke nan tun ranar gini da Kiristoci aka yi zane.

Da 'yancin kai ya ƙarato, ƙananan ƙabilu da Kiristocin Arewa suka ce suna tsoron a danne su. A 1957 aka kafa Hukumar Willink ta saurari kokensu. A rahotonta na 1958 ba ta yarda a ƙirƙiro sababbin jihohi ba, sai ta ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki, har da 'yancin addini. Haka ya shiga kundin 1960.

Wannan gadon ne ke cikin kundin 1999. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na gwamnati. Sashe na 38 ya ba kowa damar yin addininsa da koyar da shi, ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi shiga ibadar da ba tasa ba.

A wajenmu Gezawa gonaki manne suke da juna, ba wani fili da ke zaune banza. Abin da ke hana rigima shi ne kowa ya san iyakarsa. To, aikin sashen nan ke nan. Dokar da ke kare ɗalibin Kirista a Kano ita ce fa ke kare ɗan'uwanka Musulmi da bautar ƙasa ta kai Inugu. In ka yi shiru aka take ta a nan, da wane baki za ka yi kuka a can?