An ɗaure ɗan'uwa kan jabun kuɗi? Kwana 90 ke gare ku

Jama'a, mu da muka tashi a kara, daga Oko-Oba ta Agege har Lokpanta, mun san kuɗin shanu a hannu ake ƙirga shi, shi ya sa jabu ke yi mana kutse. Abin da ke damuna shi ne da zarar alƙali ya yanke hukunci sai dangi su ce ƙaddara ce, su naɗe hannu. Alhali akwai sauran hanya.

Shari'ar jabun naira a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta. Daga ranar da aka yanke hukunci, mutum na da kwana 90 ya shigar da takarda a Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ba dole ya musanta laifin ba. Yana iya cewa ɗaurin ne kawai ya yi yawa.

Me lauya zai kafa hujja da shi? Dokar shari'ar manyan laifuka ta 2015 ta hana a ɗora wa mai laifin farko hukunci mafi tsanani, ta kuma ce a lissafa zaman da ya yi a tsare kafin hukunci. In alƙali ya tsallake waɗannan, akwai magana.

Amma fa a sani: dokar CBN ta 2007 ta sa aƙalla shekara 5 ga wanda ya buga jabu. In da ita aka kama mutum, ba a sauka ƙasa da haka.

Wanda ba shi da kuɗin lauya, ya nemi ofishin Legal Aid Council na jiharsa tun kwanakin ba su ƙare ba. Allah ya kiyaye mu.