MALAMAN BOLORI DA KWAS A CIKIN WAYAR HANNU

Duk ɗan arewa da ke zaune a Ikko, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal, in ya bugo waya gida yakan tambayi lafiyar yara, ya tambayi ko suna zuwa makaranta. Amma da wuya a ji wanda ya tambayi halin da malaminsu ke ciki, ko yaushe rabon da a tura shi kwas. To, yau za mu duba wannan al'amari a Bolori, wata babbar unguwa a cikin birnin Maiduguri, wadda aka raba mazaɓu biyu, watau Bolori ta ɗaya da Bolori ta biyu.

Bolori tana cikin unguwannin da suka karɓi ɗimbin 'yan gudun hijira tun da rikicin Boko Haram ya yi tsanani. Da yawansu ba su shiga sansani ba, sai suka raɓa a gidajen dangi da na haya. Saboda haka malamin firamare a irin wannan unguwa yakan tarar da aji cike maƙil, wani yaron da Barbarci ya tashi, wani da Larabcin Shuwa, wani da Hausa, wani kuma ya yi shekaru bai riƙe fensir ba. Babu kwalejin da ta shirya shi domin irin wannan aji.

GIRMAN ƁARNAR

A shekarar 2017 Hukumar UNICEF ta bayyana cewa tun daga 2009 an kashe malamai fiye da 2,295 a arewa maso gabas, wasu 19,000 sun bar gidajensu, an kuma rushe makarantu kusan 1,400. Ƙwararrun da ya kamata su koya wa na baya aiki, da yawa sun mutu ko sun watse.

Sakamakon haka ya fito fili a watan Fabrairu na 2022, lokacin da aka miƙa wa Gwamna Babagana Umara Zulum rahoton jarrabawar da aka yi wa malaman firamare 17,229 a ƙananan hukumomi 27 na Jihar Barno. Malamai 5,439 ne kaɗai aka samu sun cancanta. Wasu 7,975 aka ce za su iya in an horar da su, sauran 3,815 kuwa aka ce ko horon ba zai yi musu amfani ba. Gwamnan ya ce ba zai kore su daga aikin gwamnati ba, saɓanin Jihar Kaduna wadda ta sallami malamai sama da 21,000 bayan jarrabawar 2017.

Abin lura a nan shi ne waɗannan 7,975 ɗin. Su ne suka fi yawa, kuma ba za a iya kwashe su gaba ɗaya a kai su Kwalejin Ilmi ta Kashim Ibrahim a bar yara ba kowa ba. Tilas horon ya same su a inda suke.

DAGA GIDAN WAYA ZUWA WAYAR HANNU

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A 1976, shekarar da aka fara shirin ilmin firamare kyauta, watau UPE, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, domin malami ya ƙaro ilmi ba tare da ya bar ajinsa ba. Manyanmu za su tuna da littattafan kwas da ake rabawa, da haɗuwar da ake yi a cibiyoyin karatu a ƙarshen mako da lokacin hutu. Abin da ya sake yanzu shi ne hanyar da darasin ke bi.

Tun 2005 Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila ta fara wani shiri mai suna TESSA tare da cibiyoyin horar da malamai na Afirka, har da NTI. Darussa ne na dabarun koyarwa da aka zuba a intanet kyauta, kamar yadda za a raba yara rukuni-rukuni a aji mai cunkoso, ko yadda za a koyar da lissafi da tsakuwa da marafan kwalba. A watan Maris na 2022 kuma Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da UNICEF da kamfanin Microsoft suka buɗe Nigeria Learning Passport, inda ake samun darussa da Turanci da Hausa da Yarbanci da Ibo, na ɗalibai da na malamai. Ita ma Hukumar Rajistar Malamai, TRCN, tun 2017 a kan kwamfuta take yin jarrabawarta, don haka malamin da bai saba da na'ura ba yana iya faɗuwa ko da ya san amsa.

Amma abin da ya fi shiga hannun malamai shi ne zauren WhatsApp. Dalili kuwa, ba ya cin kuɗi da yawa, kuma wanda Turanci ke ba shi wuya yana iya aika murya da Hausa ko Barbarci. Malama ta ɗauki hoton allonta ta tura, 'yan'uwanta su gyara mata. Wani ya tambayi yadda zai yi da yaron da ke firgita in ya ji ƙara, wanda ya taɓa samun horo a kan haka ya ba shi amsa kafin gari ya waye. Da, sai an jira zuwan sufeto.

INDA GIZO KE SAƘA

Sai dai fa waya ba ta aiki da fatar baka. Mutanen Maiduguri ba su manta ba da 2013, lokacin dokar ta-ɓaci, da aka rufe layukan waya wata da watanni. A Janairun 2021 'yan bindiga suka fasa turakun wutar lantarki na hanyar Damaturu, birnin ya daɗe cikin duhu, har aka buɗe tashar wuta mai aiki da iskar gas a Maris na 2023. Ran 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya ci babban sashe na gari, makarantu suka sake zama mafakar jama'a. Daɗin daɗawa, a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin ɗari.

Watau dai a zamanin littafin kwas, in malami ya karɓi nasa ya karɓa ke nan. Yanzu kuwa shi zai sayi waya, ya biya mai caji, ya sayi data, duk daga albashin da bai kai shi ƙarshen wata ba. Wannan nauyi na hukuma ne, bai kamata a bar wa malami shi kaɗai ba. Haka kuma zauren da ba shi da jagora, nan da nan yakan koma wurin gaisuwar Juma'a da sanarwar biki da jita-jita. Ana bukatar hedimasta ko wani gogaggen malami ya riƙa sa darasi guda kowane mako, sa'an nan ya shiga aji ya ga ko an yi aiki da shi.

Ku kuma 'yan'uwa mazauna kudu, kuna da rawar takawa. Kusan kowannenku yana da ƙane ko ƙanwa ko surukin da ke koyarwa a gida. In za ka sake waya, kada ka sayar da tsohuwar a kasuwar Ikeja da arha, aika masa da ita. Ƙungiyoyinku na 'yan gari ɗaya da ke tara kuɗin gyaran masallaci da taimakon marasa lafiya suna iya sayen ƙaramin faifan sola guda su kai ofishin hedimasta, malamai su riƙa caji. In kuma ka bugo waya ranar Lahadi, bayan ka tambayi yara, tambayi malaminsu.

Allah Ya ba Barno zaman lafiya mai ɗorewa, amin.