Tsohon Katun a Sabon Kwali: Me Ake Saye a Cikin Ƙarin?

Kamfanonin da suka mallaki tsofaffin fina-finan katun na Amurka, musamman Disney da Warner Bros., sun saba sake fitar da fim ɗaya a faifai sau da yawa. Kowace fitowa takan zo da sabon kwali, a bayansa an jero abubuwan da aka ce an ƙara: hira da masu zane, wuraren da aka yanke tun farko, waƙar da ba ta shiga fim ba, wasan yara da ake yi da rimot, da sharhin wani masani wanda muryarsa ke tafiya tare da hoton. Wannan ƙarin shi ne hujjar da ake ba mai saye don ya sake biyan kuɗin fim ɗin da yake da shi a gida. Shakkun da ake yi a kansa ya samo asali daga nan.

Ƙarin bai fara da mummunar niyya ba. A 1984 kamfanin Criterion ya fitar da King Kong na 1933 a babban faifan LaserDisc, ya sa masanin tarihin fim Ronald Haver ya yi bayani a kan hoton daga farko har ƙarshe. Masu nazarin fim suka karɓe shi hannu bibbiyu. Kaset na bidiyo ba shi da irin wannan dama, zare ɗaya ne da ke tafiya daga kai zuwa gindi. Da DVD ya shiga kasuwa a Japan a 1996 da Amurka a 1997, sai aka samu shafin zaɓi da wurin ajiya mai yalwa, kamfanoni kuma suka gane cewa abin da ke kwance a ma'ajiyarsu ma haja ce.

Disney ta fi kowa iya wannan ciniki, domin ta daɗe tana yin makamancinsa a gidajen sinima. Snow White and the Seven Dwarfs ya fito a 1937, aka mayar da shi sinima a 1944, daga nan aka riƙa dawo da shi duk bayan 'yan shekaru don sababbin yaran da suka taso. Da aka koma kaset da faifai sai ta riƙa sayar da fim na ɗan lokaci, ta janye shi daga kasuwa, ta ce an mayar da shi rumbu. A 2001 ta ƙaddamar da jerin Platinum Edition, a 2009 Diamond Edition, a 2016 Signature Collection, kuma dukkansu ukun da Snow White aka buɗe su. Cikin shekara 15 ke nan an sayar wa mutane fim ɗaya mai minti 83 har sau uku, kowane karo da alkawarin cewa wannan ya fi na baya.

Matsalar ita ce abin da za a iya ƙarawa a kan tsohon fim yana da iyaka. Walt Disney ya rasu a 1966. Ollie Johnston, na ƙarshe cikin manyan masu zanen kamfanin su tara, ya rasu a 2008. Zanen fensir da hirarrakin da suka rage an riga an zuba mafi yawansu a fitowar farko, wadda takan zo da faifai biyu. Saboda haka sabon ƙarin da ake tallatawa daga baya sau da yawa yakan zama matashin mawaƙin da kamfanin ke son ɗagawa yana sake rera tsohuwar waƙa, ko 'yan wasan tashar kamfanin suna yawo cikin ma'ajiya suna mamakin abin da suka gani. Talla ce aka saka mata rigar tarihi. Abin da ya fi ɓata wa masu tara faifai rai shi ne a wasu fitowar baya an cire dogayen shirye-shiryen da ke cikin na farko, aka ce mai son su ya nemo ta intanet. Abin da ke kan intanet kuwa ba mallakar mai faifai ba ne, ranar da kamfani ya rufe shafin shi ke nan.

Wani lokaci ƙarin yakan kutsa cikin fim ɗin kansa. A 2002 an cusa wa Beauty and the Beast na 1991 wata waƙa da aka ajiye tun farko, a 2003 kuma aka yi wa The Lion King na 1994 haka da waƙar da aka ɗauko daga wasan dandamalinsa. Daga baya aka mayar da ta The Lion King gefe a fitowar 2011.

Wanke hoto ya fi wannan illa, domin mai kallo ba ya iya kashe shi da rimot. Tsohon katun da hannu aka zana shi, aka shafa masa launi a kan leda mai haske, aka ɗauke shi da kyamara a kan fim mai ɗan tsaki-tsaki. Idan aka sa kwamfuta ta share tsakin nan da ƙarfi, takan haɗa da siraran layukan mai zane. Cinderella na 1950 da aka fitar a Blu-ray a 2012 ya sha suka saboda layukan rigar yarinyar da ƙyallin da ke kewaye da ita sun dushe. The Sword in the Stone na 1963 da ya fito a 2013 ya fi shi muni, hoton ya yi laushi kamar an shafe shi da yatsa. A 2023 Disney ta sake wanke Cinderella daga tushe, ta dawo da abin da aka share. An yaba aikin, amma wanda ya sayi na 2012 sai ya sake saye.

Akwai kuma abin da ake ragewa ba tare da an rubuta a kwali ba. Bayan ƙorafin Larabawan Amurka, an sauya wani baiti a waƙar buɗe Aladdin na 1992 kafin a fitar da shi a kaset a 1993. Tom and Jerry, wanda yaran Kano suka fi sani, shi ma bai tsira ba. William Hanna da Joseph Barbera sun yi gajerun fina-finai 114 a kamfanin MGM tsakanin 1940 da 1958, bakwai daga ciki suka ci kyautar Oscar, amma wasunsu na ɗauke da zanen da ke wulaƙanta baƙar fata. Warner, wadda ta mallake su daga baya, ta bi hanya biyu. A wasu faifan ta sa 'yar wasa Whoopi Goldberg ta yi gabatarwa, ta bayyana cewa zanen kuskure ne a da da yanzu, amma ɓoye shi daidai yake da cewa bai taɓa faruwa ba. Wannan ƙari ne mai amfani, kuma bai fi 'yan mintoci ba. A 2013 kuma ta shirya fitar da kashi na biyu na jerin faifan Tom and Jerry mai suna Golden Collection ba tare da Mouse Cleaning na 1948 da Casanova Cat na 1951 ba. Masu saye suka yi ca, aka dakatar da fitowar.

A Kano labarin ya sha bamban, domin mafi yawan wannan ƙari bai taɓa isowa ba. A zamanin kaset da faifai, cibiyar cinikinsu Kasuwar Ƙofar Wambai ce, daga can ƙananan masu shago da masu tebur na unguwanni irin su Gyadi-Gyadi da Tarauni suka riƙa saro kaya. Katun ɗin da suka shiga gidaje galibi kwafi ne a cikin kwalin takarda da leda, an rubuta fim goma ko ashirin a faifai ɗaya. Lissafin a bayyane yake. Faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, abin da ya ishi fim na kimanin awa biyu da hoto mai kyau. Idan aka cusa goma, kowane bai samu ko rabin gigabait ba. Mai kwafi zai fara da zubar da hira da sharhi da wasanni, sannan ya matse hoton har fuskar Tom ta riƙa tarwatsewa gida-gida idan ya ruga da gudu. Kwalin kuwa sau da yawa hoton na asali ne aka ɗauko, da jerin ƙarin a bayansa yadda yake. Mai saye ya kai gida ya danna shafin zaɓi, ya tarar da sunayen fina-finai kawai.

Wannan ya sa ciniki a teburin faifai yake da tasa ƙa'idar. Mai shago yana da ƙaramar talabijin da na'urar gwaji a gefe. Uba ya ɗauko faifai ya juya bayansa ga haske yana neman ƙarce, ya ce a gwada masa. A sa, a tura gaba zuwa tsakiya, a tura kusa da ƙarshe, a ga ba ya sarƙewa. Tambayarsa uku ce: yana yi, ya cika, ba wani abin banza a ciki? Babu mai tambayar hira da darakta, kuma da gaskiyarsu. Ƙarin da Turanci ake yin sa, a kan mutanen da yaron Gyadi-Gyadi bai taɓa jin sunansu ba, ga rimot ɗin gidan ya daɗe da ɓacewa ko batirinsa ya mutu. Ko faifan asali wani ya kawo tsaraba daga waje, akwai kullen yanki: Amurka yanki na 1 ce, Najeriya na 5, sai dai yawancin na'urorin Sin masu araha ba su damu da kullen ba.

Kasuwar fim ta Kano ta san darajar kwali tun kafin zuwan DVD. A zamanin kaset, furodusan fim ɗin Hausa yakan buga kwalaye ya sayar wa 'yan kasuwa, su kuma su kwafi kaset ɗin su saka a ciki, don haka a kan kwalin ake lissafin riba. Ƙarin da mai kallon Kano ya saba da shi kuwa tallan fina-finai masu zuwa ne da ake jerawa kafin fim ya fara, wani lokaci su ci mintoci masu yawa. Daga baya aka samu ƙarin da mutane suka yarda su biya don shi, wato fassara. Ɗakunan fassara irin su Algaita sun yi suna da mayar da fina-finan Indiya Hausa, katun ma ya samu rabonsa. Wannan ya canza abin da yaro ke fahimta daga fim, abin da faifai na biyu na Disney bai taɓa yi masa ba.

Iyaye suna da nasu dalilin na yin hattara. Uwar da ta san labarin Cinderella ta amince 'yarta ta kalla, ba lallai ta san bidiyon waƙa ko tallan da aka haɗa da shi ba. Hukumar Tace Fina-Finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ba za ta iya bin kowane faifan kwafi ta duba abin da aka liƙa masa ba. Aikin ya koma kan na gida.

Yanzu faifan ma ya ja baya. A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni, da shagunan masu turi na cikin unguwa, fim a memori ko filasha ake zuba shi, fayil ɗaya ba kwali ba shafin zaɓi. A waje ma haka abin yake tafiya: Disney+ ya fara aiki a 2019, Disney ta daina sayar da faifai a Ostareliya a 2023, a 2024 kuma ta miƙa wa Sony harkar faifanta a Amurka da Kanada. Duk wanda ya ci karo da fitowar farko mai faifai biyu, irin Snow White na 2001, a cikin kayan gwanjo ko a kabad ɗin gida, ya riƙe ta. Ƙarin da ke cikinta ya fi na waɗanda suka biyo baya yawa, kuma ba ya buƙatar data.