Shin Ko Kun San? Gilashin Kyamara Ma Yana da Awo

Shin ko kun san babu gilashin kyamarar da ke ɗauko abu daidai yadda yake? Ku ɗauko hoton ɗaurin aure ko na suna da aka ɗauka a ƙofar wani gida a unguwar Sabo ta Ibadan, ku bar kallon fuskoki, ku dubi gefe-gefe. Sau da yawa za ku tarar dogaran ƙofa sun ɗan bankare, bakin rufin kwano ya lanƙwashe, kusurwoyi huɗun nan sun fi tsakiya duhu. A bakin farar babbar riga da rana ta haska kuma, wani siririn zare shunayya ko kore ya bi ta, domin hasken ja da shuɗi ba sa sauka wuri ɗaya da kore. Magini bai yi laifi ba, mai hoto ma haka. Halin gilashin ke nan.

Shin ko kun san wannan aibi ba ya sauya hali? Gilasai samfuri ɗaya kusan lanƙwasa ɗaya suke yi, ko a Sabo suke ko a Jamus. Saboda haka idan mutum ɗaya ya auna, awon ya wadatar da kowa, kamar awon da tela ke ajiyewa a littafi. 'Yan lambobi ne kawai. Tsarin da aka fi amfani da shi, wanda ya samo asali daga manhajar Panorama Tools ta Bajamushe Helmut Dersch, lambobi uku yake buƙata: a, b da c. Da su kwamfuta ke miƙar da abin da ya karkace.

Shin ko kun san akwai rumbun irin wannan awo da 'yan sa-kai ke tarawa kyauta? Sunansa Lensfun. Andrew Zabolotny ne ya fara shi a 2007, yau kuma manhajojin wanke hoto na kyauta irin su darktable, RawTherapee da digiKam daga cikinsa suke ɗiba. Lasisinsa ya ba kowa damar ɗauka da gyarawa, muddin ya ambaci masu aikin kuma ya bar wa na baya ƙofa a buɗe. Ga mai hoton da ke lissafin kuɗin manhajar Lightroom da dala duk wata, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Amma rumbu ba ya cika kansa. Abin da ke ciki shi ne abin da wani ya zauna ya auna, kuma kowa gilashin da ke hannunsa yake aunawa. Nan ne abin ya shafe mu. Masu hotonmu sun fi riƙe na hannu, tsofaffi, da masu araha na ƙananan kamfanoni, irin waɗanda ba lallai wani a Turai ya damu da su ba. Idan ka buɗe darktable ka nemi naka ka rasa, to kai ake jira. Ni a ganina wannan ya fi ƙarfin sha'awa, taimakon 'yan'uwan sana'a ne.

Shin ko kun san Sabo da ma ta saba da irin wannan aiki? Tun da aka kafa unguwar a 1916, cinikin goro da shanu tsakanin kudu da arewa kan amana da musayar labari yake tafiya. Mai bincike Abner Cohen ya zauna a cikinta a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kai a 1969.

Shin ko kun san kayan awon ba su wuce kyamara da miƙaƙƙen gini ba? A nemi gini na zamani mai dogayen layuka, a ja baya kamar mita 8 ko fiye, a sa layi ɗaya ya bi ta can saman hoton daga wannan gefe zuwa wancan, wani kuma ya ratsa ƙasa da shi. Dole a ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta taɓa ba. Gilashi mai zuƙowa ana ɗaukarsa a matakai biyar ko fiye, daga mafi faɗi zuwa mafi kusa, domin yakan bankare a farko ya koma lotsawa a ƙarshe. Manhajar Hugin ce ke fitar da lambobin. Duhun kusurwa kuwa, farar roba mai barin haske ya ratsa ake ɗorawa a bakin gilashin, a fuskanci haske mai daidaito, a yi ta ɗauka ana rage buɗewar ido.

A kula da abu ɗaya. Wanda ya tsaya a unguwar Dugbe ya ɗaga kyamara ga Cocoa House, benen nan mai hawa 26 da aka kammala a 1965, zai ga ginin yana tsukewa ta sama. Wannan ba aibin gilashi ba ne, tsayuwar mai ɗauka ce. Layin da ya karkata amma yana miƙe lafiya yake, wanda ya lanƙwashe shi ake nema. Kuma a nemi izinin masu gadi kafin a saita kyamara ga ginin mutane.

Shin ko kun san awon da aka yi da kyamara mai babban faranti, wato wurin da hoto ke sauka a cikinta, yana yi wa mai ƙarami aiki, amma na ƙarami ba ya isar babba? Ƙaramin tsakiya kawai yake gani, bai san abin da ke gefe ba.

Tsofaffin gilasai marasa lantarki, irin Helios na Tarayyar Sobiyet, ba sa rubuta sunansu cikin hoto, sai mutum ya zaɓa da hannu. Shi ya sa mai aika awo zai rubuta cikakken sunan gilashi da na kyamara, ya miƙa ta ma'ajiyar Lensfun da ke GitHub. Wanda lissafin ya yi wa nauyi yana iya tura ɗanyun hotunan wani ya fitar da lambobin. Suna cin data sosai, kuma masu dubawa a lokacin hutunsu suke yi, don haka amsa takan ɗauki lokaci.