Kamanni ba shaida ba ne

A Bader Goula, kamar sauran garuruwan Dakoro, ba a tashi daga taron suna sai an duba hancin jariri da kunnuwansa. Wata ta ce na uban ne, wata ta yi shiru, shirun nan kuwa ya fi magana ciwo. Daga nan raɗe-raɗi ke tashi, wai ɗan da bai ɗauko ubansa ba akwai lauje cikin naɗi. Wannan ƙarya ce, lissafi ma ya ƙaryata ta.

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da ƙunshin DNA guda 46 da masana ke kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba, an jera su biyu-biyu. Idan namiji zai ba ɗansa rabi, daga kowane biyu ɗaya ne ke tafiya, ko wanda ya gada wajen mahaifinsa ko na mahaifiyarsa. A ninka 2 da kanta sau 23, za a samu 8,388,608. Matar ma haka. Idan aka ninka nasa da nata, miji da mata guda suna iya samar da haɗi iri-iri sama da tiriliyan 70, alhali mutanen duniya gaba ɗaya sai a 2022 suka kai biliyan 8. Wannan ma ƙaramin ƙiyasi ne, domin kuromosom suna musayar guntaye kafin su rabu. Makiyayin da ya ga jar saniyarsa ta haifi maraƙi mai launin kakarsa ba ya mamaki. Me zai sa a tuhumi mace don ɗanta ya biyo wani kakan da aka manta?

Haka zancen cewa wance mata zalla take haifa. Kullum kuromosom X uwa ke bayarwa. Uba ne ke ba da X a samu mace, ko Y a samu namiji, shi ma ba da zaɓinsa ba.

Batun sikila ne gaskiya da kuskure suka cuɗanya. Gaskiya ne gadonta ake yi, kuma sai uwa da uba duk sun ba da nasu kason, don haka ɗora wa dangin uwa laifi zalunci ne. Gaskiya ne auren zumunci yana ƙara yiwuwar masu ɗauke da ita su haɗu, amma bare biyu ma suna haifar mai sikila. Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne na masu cewa idan mai AS, wato mai ɗauke da ita, ya auri mai AS, ɗa ɗaya ne kacal cikin huɗu zai zo da SS, wato sikila, in ya zo an huta. Ɗaya bisa huɗun nan na kowane ciki ne, sabo fil. Ana iya samun uku a jere, ana iya haifar shida ba ko ɗaya. Mai AS yawanci lafiyarsa ƙalau, ido ba ya gane shi, sai an yi awon jini kafin a sa ranar aure.